Hanyar Marylebone Ta Birnin Landan: Burtalin Shanu Da Ƙurarsa Ta Koma Ƙarfe

Baƙon da ya sauka birnin Landan, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fito a tashar Baker Street da hantsi, abin da zai fara cin karo da shi shi ne dogon layin mutane. Ga Faransawa, ga Larabawa, ga Sinawa, ga baƙar fata, kowa ya ƙagara ya shiga gidan Madame Tussauds, inda a ke ajiye mutum-mutumin sarakuna da shugabanni da 'yan wasa waɗanda aka ƙera da kakin zuma. A gaban gidan kuwa wata ƙatuwar hanya ce ta miƙe gabas da yamma, layi uku na zuwa, uku na dawowa, maƙil da jajayen bas-bas masu bene, da baƙaƙen tasi, da motocin kaya. Ita ce Hanyar Marylebone.

In baƙon ya dubi salansar motocin nan, da wuya ya ga baƙin hayaƙi na fita. Gine-ginen farare ne, itatuwa jere a bakin hanya, ba wanda ya toshe hanci. Amma in ya tsallaka zuwa kudancin hanyar, gaban ginin Jami'ar Westminster, zai tarar da wani ɗan ɗaki kamar babban akwati, da 'yan bututu a kansa. Ba mai bin layi don ya gan shi. Tun 1997 wannan ɗaki ya ke shaƙar iskar hanyar dare da rana yana aunawa, har ya zama yana cikin wuraren awon iska da suka fi shahara a ƙasashen Turai. Abin da awonsa ke nunawa kuwa ya saɓa wa shaidar ido.

Asalin Hanyar

Ba don mota aka yi wannan hanya ba, don dabbobi aka yi ta. A zamanin da, masu koren shanu da tumaki daga yammacin Ingila su kan ratsa tsakiyar gari da garkunansu zuwa babbar kara ta Smithfield, su tare hanya, su ɓata ƙofar gidajen masu hali. Saboda haka cikin 1756 Majalisa ta yarda a fid da sabuwar hanya ta bayan gari, daga Paddington zuwa Islington, ta cikin gonaki da makiyaya. Burtali ke nan. Dokar ma ta hana a yi gini sai an bar ratar ƙafa 50 daga bakin hanya. Wani babban basarake, Duke na Bedford, ya yi tsaye ya ƙi shirin, yana kukan cewa ƙurar da za a riƙa tayarwa za ta dame shi a bayan gidansa. Mutane suka yi masa dariya, aka ci gaba da aiki.

Daga nan gari ya yi ta matsowa har ya haɗiye burtalin. A 1829 a kan wannan hanya aka fara gudanar da keken doki na haya mai ɗaukar fasinja da yawa, wanda shi ne kakan bas-bas ɗin Landan. A 1857 aka raba ta uku, yankin yamma, mai tsawon kimanin mil ɗaya, ya sami sunan Marylebone. A 1863 kuma aka buɗe hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta farko a duniya, a ƙarƙashinta ta bi. Sa'ad da aka buɗe babbar gadar sama ta Westway a 1970, sai motocin da ke shigowa daga yamma suka riƙa kwararowa kai tsaye cikinta, har a farkon shekarun 2000 a kan ƙiyasta motoci wajen 80,000 ne ke bin ta a kowace rana.

Hazon Da Ya Kashe Dubbai

Mutanen Landan sun san iska mai kisa tun da daɗewa. Daga ran 5 zuwa 9 ga watan Disamba na 1952, sanyi ya tsananta, iska ta tsaya cik, hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin. Kwandastoci suka riƙa tafiya a ƙasa gaban bas riƙe da fitila suna nuna wa direba hanya. Shanun da aka kawo bikin nunin dabbobi suka kasa numfashi, waɗansu suka mutu, waɗansu aka yanka su. Lissafin farko ya ce mutum 4,000 suka hallaka, binciken baya kuwa ya kai adadin wajen 12,000. Wannan masifa ce ta haifar da Dokar Tsabtace Iska ta 1956.

Tun daga nan hukuma ta bi abokan gaban ɗaya bayan ɗaya. An kori hayaƙin kwal daga gari. A farkon shekarar 2000 an daina sayar da fetur mai dalma. A 2003 an sa wa motocin da ke shiga tsakiyar birni haraji, ko da ya ke Hanyar Marylebone ita ce iyakar yankin ta arewa, ba a biyan kome a kanta, don haka masu gudun biya ta nan su ke zagayawa. Sababbin motocin dizal aka tilasta sa musu matata a cikin salansa. A 2019 aka ɗora wa tsofaffin motoci masu hayaƙi tara ta kullum, a 2023 kuma aka faɗaɗa ta ta game birnin duka. Hayaƙi ya ragu ƙwarai, ɗan ɗakin nan na bakin hanya shaida ne.

Amma fa ƙarfe ba ya ruɓewa. A 2021 masanan Kwalejin Imperial, bayan sun binciki ƙurar da aka tara a wannan hanya, sun ba da labarin cewa har yanzu akwai dalmar tsohon fetur a iskar Landan, shekara 20 bayan hana shi. Ta kwanta cikin ƙasa da ƙurar hanya, ƙafar mota na tayar da ita. Kazalika a 2019 kwamitin masana da ke bai wa Gwamnatin Birtaniya shawara ya ce kashi 60 cikin 100 na lallausar ƙurar da motoci ke jawowa ba daga salansa ta ke fita ba. Daga birki ta ke, da taya, da kwaltar da ke cinyewa.

A Bakin Danja

Wanda ke son ya ga inda a ke niƙa wannan ƙura, sai ya tsaya a mahaɗar Baker Street ya jira jar wuta. Da ta kama, motoci goma sha za su taka birki gaba ɗaya, ya ji ɗan ƙugi da ƙara. A cikin kowace ƙafar mota akwai faifan baƙin ƙarfe da ke juyawa tare da ita, da waɗansu 'yan dunƙule biyu da ke matse shi in an taka birki. Dunƙulen nan haɗi ne na garin ƙarfe, da jan ƙarfe, da waɗansu ma'adinai, aka ɗaure su da ƙaro. Gugar da su ke yi da faifan ita ce ke tsai da mota, zafinta kuwa ya kan kai digiri ɗaruruwa. Kowane taki sai ya kankare ɗan wani abu daga jikinsu. Duk direba ya san birki na cinyewa, ya kan je wurin makanike a sake masa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wanda ya cinye ɗin ina ya tafi?

Wani ya kan maƙale a jikin ƙafar mota, shi ne baƙin dattin nan da masu wanki ke fama da shi. Wani ya faɗi a hanya. Saura kuwa ya tashi sama. A cikin mai tashin akwai wanda kaurin gashin kai ya ninka shi sau 30, shi ne lallausar ƙura da a ke wa laƙabi da PM2.5. Akwai kuma wanda ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wanda a ke aunawa da nanomita. In an raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Gashin kai guda ya kai wajen nanomita 70,000, waɗannan ɓarɓashi kuwa ba su kai 100 ba. Ba su da nauyin a zo a gani a kan ma'auni, amma a wajen yawa su ne kan gaba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi kan tsone maka ido.

Dogaran Huhu

Baligi ya kan ja numfashi wajen sau 20,000 a kwana ɗaya, watau iska fiye da lita 10,000. Gashin hanci da majina su kan tare manyan ƙura. Wadda ta wuce, akwai waɗansu ƙananan gasu a bututun numfashi da ke sharo ta sama, a yi kaki a tofar. Amma mafi ƙanƙanta ta kan zarce har ƙuryar huhu, inda akwai 'yan jakunkunan iska miliyan 300 zuwa 500, waɗanda bangonsu ya fi fatar albasa sirantaka, ta nan ne iska ke shiga jini.

A can ne Allah Ya ajiye wa huhu dogarai. Waɗansu ƙwayoyin halitta ne na garkuwar jiki, masana na kiransu makurofaj, kalmar Girkanci mai ma'anar babban maci. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Ilya Mechnikov, shi ne ya gano aikin irin waɗannan ƙwayoyi a 1882. Su kan yi ta rarrafe a bangon jakunkunan, in sun gamu da ƙwayar cuta su naɗe ta, su haɗiye, su zuba mata wani ruwa mai ƙuna ta narke. In abin ya fi ƙarfinsu su yi kururuwa, watau su saki waɗansu sinadarai da ke kiran 'yan'uwansu daga cikin jini. Wannan taron dangi shi ne kumburi da zafin da majinyaci ke ji.

Dogarin nan ba ya zaɓen abinci, duk baƙon da ya gani haɗiyewa ya ke yi, shi ya sa likitocin da suka raɗa masa suna ƙwayar ƙura. A 2006 likitoci a garin Leicester, can arewa da Landan, suka duba kakin yara 64 masu lafiya a madubin ƙara girma. Suka ga baƙin ɗigo-ɗigo na hayaƙi a cikin dogaran, suka kuma tarar cewa gwargwadon yawan baƙin, gwargwadon raguwar ƙarfin numfashin yaron.

To, ƙwayar cuta nama ce, ta kan narke a wuce wurin. Ƙarfe kuwa in ya shiga cikin dogari, ruwan nan mai tsami ya kan jiƙa shi, ya riƙa tsatsafowa a hankali. Ƙanƙantarsa ma ita ke ƙara masa sharri, kamar yadda dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa. Narkakken baƙin ƙarfe da jan ƙarfe su kan haɗu da iskar oksijin su haifar da waɗansu sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa. A waje ruwa da iska ke sa ƙarfe ya yi tsatsa, a cikin huhu kuwa ƙarfe ne ke sa tsoka ta yi tata irin tsatsar. Jiki yana da magungunan kashe wannan kaifi, irin su bitamin C da ke cikin danshin huhu, amma in abin ya yi yawa su kan ƙare.

Cikin watan Janairu na 2020, Dokta Liza Selley da Dokta Ian Mudway na Kwalejin King's ta Landan, da abokan aikinsu, suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun samo ƙurar birki daga wata masana'anta da ke gwada birki, suka zuba wa dogaran da aka rena a ɗakin bincike, waɗansu kuma aka zuba musu ƙurar hayaƙin dizal. Sa'an nan aka sakar musu ƙwayar cutar nan Staphylococcus aureus, wadda ke iya jawo ciwon huhu. Dogaran da suka sha ƙura, ta birki ko ta dizal, sai ƙarfinsu na haɗiye cutar ya ragu, alhali kuwa kururuwarsu ta ƙaru. Watau ga ihu ya yi yawa, ga kamun ɓarawo ya yi ƙaranci. Da aka zuba wani magani mai ɗaure ƙarfe, sai suka koma aiki sosai, abin da ya nuna ƙarfen ne mai laifi. Har ila yau da aka janye ƙurar sai suka farfaɗo. A cikin kwano aka yi wannan gwaji, ba a jikin mutum ba, amma ya nuna hanyar da ƙurar titi za ta iya buɗe wa tari da mura da ciwon huhu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Ɓarɓashin ba ya tsayawa a huhu kaɗai. A wannan shekara ta 2020 masanan Jami'ar Queen Mary, tare da Farfesa Barbara Maher ta Jami'ar Lancaster, suka binciki mabiyiyar mata 15 masu lafiya da suka haihu a wani babban asibiti na gabashin Landan, da yardarsu. A cikin dukkan 15 ɗin an sami baƙin ɓarɓashi a ƙwayoyin mabiyiyar, har da dogaranta, waɗansu ɗauke da baƙin ƙarfe da sauran ma'adinai irin na titi. Abin da uwa ta shaƙa a bakin hanya ya bi jini har ƙofar ɗakin ɗan tayi.

Ƙarƙashin Hanya

Wanda ya ce bari ya guje wa titi ya koma ƙarƙashin ƙasa, to, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Baƙi da yawa su kan yi mamaki in sun fyace hanci bayan sun yini cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa su ga baƙi a hankici. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ƙarfe ne, ga birki, ga rami mai zurfi da iska ba ta ratsa shi sosai. A layuka masu zurfi nauyin ƙurar ya ninka na titi sau da yawa, akasarinta kuwa tsatsar baƙin ƙarfe ce. A 2022 masanan Jami'ar Cambridge suka auna ta da maganaɗisu, suka tarar da ɓarɓashin da matsakaicin girmansa nanomita 10 ne kacal. Fasinja minti kaɗan ya ke yi ya fita, amma direbobi da masu aikin tasha da masu shara a nan su ke cin abincinsu.

Shari'ar Wata Yarinya

Wanda ya fi kowa jin jiki shi ne yaro, domin huhunsa bai gama girma ba, kuma hancinsa ya fi kusa da ƙafar mota. Landan ta koyi wannan darasi ne daga wata hanya dabam, can kudancin kogin Thames, mai suna South Circular. Cikin watan Fabrairu na 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 ta rasu da ciwon fuka a unguwar Lewisham. Gidansu bai fi yadi 30 daga hanyar ba, an kuwa kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara 3. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana bin kotu, har cikin watan Disamba na 2020 alƙalin binciken mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya yi ajalinta. Ita ce ta farko a Birtaniya da aka rubuta wa haka a takardar shaidar mutuwa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin lallausar ƙura da ta ke ganin ya dace zuwa mikirogiram 5 a kowace mita kubik ta iska, bisa matsakaicin shekara. Ingila kuwa ta ɗibar wa kanta 10, nan da 2040. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da ƙa'idar Euro 7, wadda a karo na farko ta sa wa ƙurar birki iyaka, amma Birtaniya ta riga ta fice daga Tarayyar tun 2020. Motar lantarki ba ta da salansa, kuma injinta ne ke rage mata gudu, don haka ba ta cin birki sosai, sai dai nauyin batir ya kan sa ta ci taya.

Daga Titi Zuwa Lambu

Wani abin lura shi ne, titin Harley, inda manyan likitocin Landan ke da ɗakunan duba marasa lafiya, inda kuma masu hali daga Nijeriya da sauran ƙasashe ke zuwa neman magani, a kan Hanyar Marylebone ya ƙare. Mai ciwon ƙirji ya fito daga wurin likita, ya tsaya a bakin danja yana jiran tasi.

Da zai tsallaka arewa ya shiga ta ƙofar York, cikin minti biyar ya isa lambun Regent's Park, mai faɗin wajen eka 400, da tafki, da agwagi, da fulawowi. A gefensa na yamma ga ƙubbar Babban Masallacin Landan, wanda aka gama a 1977, tana walƙiya kamar zinariya. Bambancin iskar wuraren biyu ba zato ba ne. A 2007 likitoci suka sa masu ciwon fuka su 60 yin tafiyar sa'a biyu a titin Oxford, wanda ke kudu kaɗan da nan, wata rana kuma a lambun Hyde Park. Bayan tafiyar titi numfashinsu ya fi raguwa, alamun kumburi kuma suka ƙaru a kakinsu. Ƙananan ɓarɓashin nan su kan ragu ƙwarai da an yi nisan yadi 100 ko 200 daga babbar hanya, saboda haka masana ke bai wa iyaye shawara su bi da 'ya'yansu ta lungu in za su makaranta, direbobi kuma su daina fizgar mota suna dannan birki.

Wannan labarin Landan ne, amma birki birki ne, ko a Marylebone ko a Oshodi ko a Sabon Gari. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum wajen 11,200 a Legas, kashi 60 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mai tallar burodi a cikin cunkoso, da ɗan acaɓa, da mace mai goyo da ke suyar ƙosai a bakin kwalta, ba minti kaɗan su ke yi su wuce ba. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, a kan shafa wa na gida ruwa.

Da magariba layin gidan mutum-mutumi ya kan watse, masallata su nufi lambu. A kan hanyar kuwa, tun daga gadar sama har Euston, sai jajayen fitilun birki ke kamawa suna mutuwa, ɗan ɗakin awo na ci gaba da shaƙa. Shekara 260 da ɗoriya ke nan tun da aka yi wa Duke na Bedford dariya a kan kukan ƙura. Tasa ƙurar ta kofaton shanu ce, ana ganinta, ana rufe mata taga. Wadda ta gaje ta ba ta da wannan kunya. Allah Ya kiyaye.